Tarbiyya da Addini a Ƙagaggun Labaran Mata: Nazari a kan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa

Gabatarwa

Masu nazarin adabi sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko ya dace a shigo da tarihin marubuci cikin sharhin littafinsa. Wasu na ganin cewa da zarar littafi ya fito daga maɗaba'a ya yanke cibiya da mai shi, sai a auna shi da abin da ke cikinsa kawai, watau jigo da salo da zubi da tsari. Wasu kuwa cewa suke yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, littafi ɗan marubucinsa ne, dole a ga kamanni. Wannan maƙala za ta ɗauki wannan tsohuwar gardama ta gwada ta a kan mata biyu waɗanda suka yi fice a rubutun zube na Hausa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano da Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda makaranta suka fi sani da Anti Bilki. Dukkansu Musulmi ne, kuma matsalolin da suka ɗauka kusan ɗaya ne: auren dole, kishi, saki, da ilimin 'ya mace. Amma wanda ya karanta su ba zai taɓa rikita muryar ɗaya da ta ɗayar ba.

Kafin su akwai Hafsat Abdulwaheed, wadda littafinta So Aljannar Duniya ya zo na biyu a gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya a 1979, aka buga shi a 1980. Bayan wannan ne tattalin arzikin ƙasa ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa a Kano. A daidai wannan lokaci kuma yaran da suka shiga firamare a shirin ilimi kyauta na 1976 sun girma sun iya karatun boko da Hausa, kuma akwai mata da yawa a cikinsu. Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano a farkon shekarun 1990, yana kwatanta shi da na kasuwar Onica, sunan kuwa ya bi shi har yau duk da cewa marubutan ba su so shi ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme sun yi ta musayar ra'ayi da shi a jaridu. Gardamar ba ta tsaya a takarda ba, domin a 2007 gwamnatin Jihar Kano ta lokacin, ta hannun hukumar A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta mata bisa zargin ɓata tarbiyya. Saboda haka tambayar ko wace irin tarbiyya da wane irin imani ne ke bayan waɗannan littattafai tambaya ce mai nauyi.

Balaraba: wadda ta sha ta san ɗacinsa

An haifi Balaraba a Kano a ƙarshen shekarun 1950. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. Wannan dangantaka kan sa wasu su zaci a cikin gata ta yi karatu, alhali kuwa labarin da ita kanta ta sha bayarwa ya saɓa wa haka. An cire ta daga makaranta ba ta wuce shekara 13 ba, aka aurar da ita ga mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba, auren kuma ya mutu kafin ya cika shekara biyu. Sauran iliminta daga baya ta neme shi, a azuzuwan manya. Ta kuma bayyana cewa wannan yankewar karatu ita ce dalilin da ya sa take rubutu da Hausa maimakon Ingilishi. Abin lura a nan shi ne, tarbiyyar da ta samu ta zaɓa mata harshen da za ta yi rubutu da shi tun kafin ta zaɓa mata jigo, harshen kuma shi ya zaɓa mata makaranta, watau matan da ke cikin gidaje waɗanda littafin Ingilishi ba zai taɓa isa gare su ba.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya (1987), a kan wani Alhaji ne mai auri-saki. Amma inda rayuwarta ta fi fitowa fili shi ne Wa Zai Auri Jahila? (1990). Tauraruwar labarin, Abu, 'yar ƙauye ce mai shekara 13 wadda mahaifinta ya cire daga makaranta. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari ya yi karatun boko, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Don huce haushi da rufe kunya sai uban ya ba da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haura shekara 50. Marubuciyar ba ta saya abin da ya faru a ɗakin amarya ba, ta nuna shi a matsayin zalunci tsagwaronsa. Abu ta gudu Kano wurin Hajiya Kumatu, ɗaya daga cikin iyayenta mata na dangi, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Ana iya cewa Abu ita ce Balaraba, a rufe littafi a tashi. Wannan karatu ne na gaggawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda aka ƙulla zaren labarin. Uban da ya hana ta karatu don ta yi aure, shi ne ya jawo aka ƙi aurenta saboda rashin karatun. Ke nan hujjar da iyaye suka saba kafawa, cewa boko yana hana yarinya samun miji, an juya ta an doke su da ita, ba tare da marubuciyar ta tsaya wa'azi ba. Taken littafin ma tambaya ce da ta fito daga bakin namiji, aka mayar da ita ga iyaye maza. Wannan aikin mai ƙaga labari ne wadda ta zauna ta yi tunani a kan abin da ya same ta har ta gano inda al'adar take cin karo da kanta. Mata dubbai sun sha irin abin da ta sha, ba su rubuta Wa Zai Auri Jahila? ba.

Alhaki Kuykuyo Ne (1990) ya fi shi nauna ta fuskar fasaha. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, suna da 'ya'ya tara. Ba ya ba ta abin da zai ishe ta cefane, amma yana da na kashe wa Delu, matar bariki, wadda daga baya ya auro. Rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta ci da su, ta yi musu makaranta, 'yarta Saudatu ta auri mai hali, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye rumfarsa a kasuwa, Delu ta ci amanarsa, ya wayi gari ba shi da komai. Har zuwa nan labarin yana bin karin maganar da aka ɗauko takensa daga ciki, kuma mai karatu yana jin daɗin ganin alhaki ya kama mai shi. Sai dai ƙarshen ya zo da abin da ba a so: maza na dangi suka taru a kan Rabi sai ta koma gidan wanda ya wulaƙanta ta, ta kuwa koma ba da son ranta ba.

Wasu makaranta, musamman bayan da Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Ingilishi kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012, sun ɗauki wannan ƙarshe a matsayin ja da baya, wai addini ne ya riƙe wa marubuciyar alƙalami. Wannan fahimta ba ta yi wa littafin adalci ba. Babu inda shari'a ta tilasta wa matar da ta gama idda komawa gidan tsohon mijinta, sai da yardarta da sabon ɗaurin aure. Abin da ya mayar da Rabi shi ne nauyin surukuta da kunyar 'ya'ya da maganar mutane, kuma Balaraba ta bar mai karatu ya ga haka da idonsa. Mutumin da ya kore ta yana da dukiya, yanzu an dawo mata da shi ta ci da shi da guminta. Da an rufe labarin Rabi tana cikin daula ita kaɗai, da an sami tatsuniya mai daɗi. Yadda aka rufe shi ya fi kama da abin da ake gani a unguwanni, kuma ya fi ciwo.

Al'ada ce ko addini?

Makamin da marubutan nan biyu suka fi riƙewa shi ne rarrabe al'ada da addini. Duk abin da ke cutar da mace sai su jingina shi ga al'ada da son zuciyar maza, su kuma nemi maganinsa a Alƙur'ani da Hadisi. Wannan hanya tana da tushe mai zurfi a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata. A 1956 Malam Isa Wali ya tayar da ƙura da maƙalunsa na jarida a kan matsayin mata a Musulunci. A zamanin da Balaraba da Bilkisu suka fara rubutu kuwa makarantun Islamiyya na matan aure suna ta yaɗuwa, an kuma kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985. Ashe ba daga Turai suka aro wannan murya ba, kamar yadda masu sukarsu suka riƙa faɗa.

A wurare da yawa hujjar tasu ba ta da makawa. Ciyarwa da tufatarwa wajibi ne a kan miji. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda, abin da Alhaji Abdu ya take, kuma abin da ake takewa kullum ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Ayar Suratun Nisa'i da ta halatta auren mace fiye da ɗaya ita ce kuma ta gindaya sharaɗin adalci.

Sai dai a kan auren dole maganar ba ta kai haka sauƙi ba, kuma ya kamata mai nazari ya faɗi gaskiya. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ba da izninta ba, abin da malamai ke kira ijbari. Mahaifin Abu, da za a kai shi gaban alƙali, yana da littafin da zai buɗe. Gaskiya ne akwai Hadisin da ya ce a nemi iznin budurwa, akwai kuma na Khansa'u bint Khidam wadda Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya warware auren da ubanta ya ɗaura mata ba ta so, ko da yake ita bazawara ce. Su malaman Malikiyya ma sun iyakance ikon uban da sharaɗin kada ya cutar da ita. To, a nan ne hikimar Balaraba take. Ba ta shiga zauren malamai ta yi jayayya da nassi ba, domin ta san ba za a saurare ta a can ba. Cutarwar ta ɗauko ta shimfiɗa a gaban jama'a filla-filla, yadda duk wanda ya karanta zai yanke hukunci da kansa cewa sharaɗin ya faɗi. Ƙagaggen labari ya yi aikin shaida a shari'ar da ba a ba mace damar yin magana a cikinta ba. Mariama Ba ta ƙasar Senegal ta yi makamancin haka a 1979 da wasiƙar Ramatoulaye, wadda ta rubuta tana cikin takaba.

Bilkisu: muryar gwaggo

Bilkisu ta yi rubuce-rubucenta tana zaune da iyalinta a Funtuwa, sunan garin kuma ya zama sunanta a bangon littafi. Funtuwa gari ne da ya bunƙasa da hanyar jirgin ƙasa da cinikin auduga da hatsi, ya tara baƙi daga ko'ina, 'yan kasuwa da ma'aikata da malamai. Ba shi da tsohuwar ganuwa irin ta Kano ko Katsina, kuma mutum yakan yi daraja a cikinsa da abin da ya nema da hannunsa. Ana jin wannan iska a littattafanta, Allura Cikin Ruwa (1994), Wa Ya San Gobe? (1996) da Ki Yarda Da Ni (1997), wanda aka mayar da shi fim. Taurarinta mata ne masu karatu, waɗanda ke kaiwa ga manyan ayyuka, ba sa wasa da salla, kuma suna son mazansu so na gaske. A wurinta ilimin boko da tsoron Allah da iya zaman aure abu guda ne, mace ba ta cika sai ta haɗa su.

Novian Whitsitt, wani manazarci ɗan Amurka da ya yi rubutu a kan matan biyu a 2002 da 2003, ya siffanta hanyar Bilkisu da tawaye na taka-tsantsan. Siffar ta yi daidai ta wani ɓangare, amma sunan da makaranta suka ba ta ya fi bayyana ta. Anti ita ce gwaggo ko inna ta zamani, wadda ke zaunar da amarya daren da za a kai ta ta yi mata faɗa: ki yi haƙuri, ki iya girki, ki iya kwalliya, ki iya magana, kada ki bi boka. Bilkisu ta ɗauki wannan tsohon matsayi ta ƙara masa abu ɗaya da gwaggon da ba ta faɗa, watau ki yi karatu ki kuma nemi abin hannunki. Saboda ta shigo ta ƙofar da aka saba, an bar ta ta shiga ɗakunan da aka rufe wa wasu. Idan aka tuna Hajiya Kumatu, sai a ga marubutan biyu kowacce ta ba da irin tata gwaggon: ta Balaraba tana buɗe wa yarinyar da ta gudo ƙofa, ita kuwa Bilkisu tana koya wa yarinya yadda za ta zauna ta mallaki gidan.

Bambancin ya fi fitowa a kan kishiya. A wurin Balaraba ƙarin aure kusan kullum daga son zuciyar namiji yake tasowa, kuma 'ya'ya ne ke biyan bashinsa. A Ki Yarda Da Ni kuwa ba a tuhumi auren kansa ba, halin mutanen da ke cikinsa aka tuhuma. Uwargida mai haƙuri da addu'a ita ke cin riba, makirci kuma ya koma kan mai shi. Wannan ra'ayi ne da ke da masu shi da yawa a cikin mata, kuma kuskure ne a ɗauka duk macen da ta faɗe shi tsoro ne ya sa ta. Amma yana da rauni ta fuskar ƙaga labari. Haƙuri a littattafan Bilkisu yana biya tun a duniya, kuma da kuɗi yake biya: gida mai bene, mota, tafiya ƙasashen waje, miji mai dukiya wanda ya gane kurensa. Malaman da suka karantar da haƙuri ba su yi wa kowa alkawarin haka ba. A nan marubuciyar ta bar wa'azin zaure ta koma ga mafarkin 'yan mata, kuma ana iya zaton wannan ne sirrin kasuwarta. Rabi ta Balaraba ma ta yi haƙuri, abin da ta samu shi ne tukunyar abincin sayarwa da tsohon miji matalauci.

Matar da ba a rubuta ba

Tarbiyya takan buɗe wa marubuci ido a kan wasu abubuwa, takan kuma rufe masa a kan wasu. Wanda ya bar Funtuwa ya nufi Bakori da Malumfashi da Kafur zai ratsa ƙasar masara da dawa da auduga, inda rayuwar mace take ɗaure da damina da kaka. Akwai matan da ke cikin kulle suna sana'a ta hannun 'ya'yansu masu talla, wanda shi ne babban dalilin da ke hana yarinya zama a aji. Akwai masu fita cirar auduga da roron hatsi. A wannan yanki ne kuma ake samun Maguzawa, waɗanda Murray Last ya zauna a cikinsu a farkon shekarun 1970, da Hausawa Kirista masu yawa, inda mace ke noma gayaunarta ta kuma mallaki rumbunta. M. G. Smith ya nuna cewa yaɗuwar kulle a karkara tana da alaƙa da hana bauta, domin matan da suka sami 'yanci sun janye daga aikin gona don su bambanta da bayi. Ashe ko kullen ma yana da tarihin da ya haɗa addini da tattalin arziki da neman daraja.

Wannan mata ba ta sami wuri a littattafan da ake magana a kansu ba. A wurin Balaraba ƙauye wuri ne da ake gudu daga gare shi, Sarkin Noma kuma, wanda a ƙasar Kafur sarauta ce ta girmamawa ga wanda ya cika rumbuna, ya zama siffar jahilci da danniya. A wurin Bilkisu kuwa, duk da cewa gonakin suna bakin garinta, idon labarin yana kallon Kaduna da Kano da Abuja. Ibrahim Sheme, wanda shi ma ɗan wannan yanki ne daga ƙasar Faskari, ya matso kusa da ita a 'Yartsana (2003), amma ta hanyar yarinyar da auren dole ya jefa bariki, watau ita ma bayan ta bar gida aka same ta.

Abin mamaki shi ne, cikakken hoton matar karkara na wannan shiyya da ake da shi har yanzu ya girmi duk waɗannan littattafai. Shi ne labarin da Baba ta Karo ta ba Mary Smith a garin Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Baba ba ta yi boko ba, ba ta haihu ba, ta yi aure sau huɗu. Na farkon auren zumunci ne da ta karɓa don girmama iyaye, ta zauna gwargwadon abin da kunya ta wajabta, sa'an nan ta fita ta auri wanda take so. A bakinta akwai salla da azumi da malamai, akwai bori, akwai ƙawaye da kishiyoyin da aka yi zaman lafiya da su da waɗanda ba a yi ba, kuma ba ta ga wani abin ɓoyewa a cikin ko ɗaya ba.